Tsutsar Ciki da Ƙarancin Jini a Tumaki da Awaki: A Duba Ido Kafin a Ɗura Magani

 

An nemi in yi magana a wannan taro a kan tsutsar ciki da ƙarancin jini a tumaki da awaki. Zan fara da abin da kusan kowa a nan ya taɓa gani da idonsa. Damina ta yi tsakiya, ciyawa ta yi shar, ga abinci ko'ina, amma sai ka ga wata tunkiya tana ta ja da baya. In an koro garke ita ce ta ƙarshe, tana tafe tana haki. Gashinta ya yi birci-birci. Da yamma ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, in ka taɓa ka ji taushi, da safe kuma kumburin ya ɗan saɓe, har mai ita ya ce ta samu sauƙi. Ba ta tari, ba ta zawo, kashinta lafiya lau. Wata safiya sai a tarar da ita kwance ta kasa tashi, a yi ta neman wuƙa kafin ta zama mushe. In an feɗe ta, naman ya yi fari fat, jinin kuma ya tsinke, babu kauri. Daga nan sai zato ya tashi. Wani ya ce leda ta ci, wani ya ce sanyin damina ne, wani ma ya ce baki ne ya kama ta. Sau da yawa abin da ya kashe ta yana nan cikin kayan cikin da aka kai bayan gida aka wanke, ba wanda ya kula da shi.

Tunkiya da akuya cikinsu ɗaki huɗu ne. Tumbi shi ne babba, shi kowa ya sani. Ɗaki na huɗu, wanda yake haɗe da bakin hanji, can ne wannan tsutsa take zama. Ina roƙon duk mai kiwo ya je wurin mahauci a cikin watan Agusta ko Satumba, ya ce a tsaga masa wannan ɗakin a hankali kafin a wanke shi. Ka kai shi cikin haske, ka buɗe ninke-ninken da ke ciki, ka zuba ido. Za ka ga wasu siraran abubuwa suna motsi, tsawonsu santimita 2 zuwa 3, kamar an murza jan zare da fari wuri guda. Jan, hanjinta ne cike da jinin dabbarka. Farin kuma mahaifarta ce cike da ƙwai. Masana suna kiranta Haemonchus contortus. Tana da ɗan tsinke a bakinta da take tsaga bangon ciki da shi ta sha jini, in ta matsa gaba kuma wurin ya ci gaba da tsiyaya.

Mutum zai iya raina ta, don tsutsa guda abin da take jawo wa dabba asararsa a yini bai wuce ɗigo ɗaya na jini ba, wato kimanin mililita 0.05. To amma ba ita kaɗai take zuwa ba. In suka kai 5,000, kuma ana samun haka a damina, dabba tana rasa kusan mililita 250 kowace rana, rabin ledar fiya wata ke nan. Tunkiya mai nauyin kilo 25 kuwa duk jinin jikinta bai cika lita 2 ba. Ku lissafa da kanku kwana nawa za ta yi. Jiki yana ƙoƙarin ƙera sabon jini, amma ana ɗiba yana zubawa, har ƙarfinsa ya ƙare. Kumburin haɓar nan ma daga nan yake. In sinadarin gina jiki da ke cikin jini ya ragu, jini ba ya iya riƙe ruwansa, sai ruwan ya tsatso ya taru a inda ya fi gangare, dabbar da ta yini kanta a sunkuye tana kiwo kuwa haɓarta ce gangaren.

Ga wani abu da yake ruɗa mu. Tsutsar da muke gani a kashin 'yan tumaki, farare masu faɗi da ke fitowa guntu-guntu, wata ce daban, kuma ɓarnarta ba ta kai ta wannan ba ko kusa. Akwai kuma masu sa zawo, da wadda take sa hanji ya yi ƙuraje-ƙuraje har mahauta su zubar da shi. Duk suna rage wa dabba ƙiba. Amma mai kisan nan ba ta fitowa a kashi ka gan ta, kuma yawanci ba ta sa zawo. Wanda yake jiran ya ga tsutsa ko ya ga zawo kafin ya motsa, sai dai ya ga gawa.

Yaya take shiga dabba? Macen tsutsar tana saka ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana guda, suna fita tare da kashi. In akwai ɗumi da laima, cikin mako guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta girma ta kai matakin kama dabba. Ido ba ya ganinta. Sai ta bi danshin ruwa ko raɓa ta hau ciyawa, yawancinsu ba sa wuce santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa. Dabba ta haɗiye ta tare da ciyawa, bayan mako 3 ita ma ta fara saka nata ƙwan. Haka abin yake juyawa tun daga ruwan farko har kaka, kowane zagaye ya fi na baya yawa, shi ya sa mutuwar take yin tsanani a ƙarshen damina.

Da rani zafin ranarmu da bushewar ƙasa suna kashe ƙwai da 'yan tsutsar da ke fili. Wannan rahama ce da Allah Ya yi wa ƙasarmu, wadda masu kiwo a kudu ba su samu kamar mu ba. Sai dai tsutsar tana da dabara. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa waɗanda dabba ta haɗiye a ƙarshen damina da yawansu ba sa girma, sai su shige bangon ciki su lafe, su yi watanni a haka. In bazara ta kawo kai, sai su farka su ci gaba da girma. Wato dabbobinmu ne da kansu suke ɗauke da irin daga wannan damina zuwa waccan. Mai ciki da ta kusa haihuwa da mai shayarwa su ne suka fi zubar da ƙwan, don a wannan lokaci garkuwar jikinsu tana yin rauni, ga 'ya'yansu kuma suna fara tsinkar ciyawa a daidai wurin da uwar ta yi kashi.

Yanzu mu dubi yadda muke kiwo a gida. Da an yi shuka, mai unguwa ya sa a yi shela a ɗaure dabbobi. Akuya da ta saba yawo tana miƙa wuya tana cin ganyen itatuwa da sarƙaƙiya, inda babu tsutsa, sai ta dawo turke guda wata huɗu. Yara su yiwo ciyawa da sassafe da raɓarta, daga bakin hanya ko bakin fadama inda garken kowa yake bi, a zube ta a ƙasa a kan kashi da fitsari. Ko kuma a kai akuyar bayan gari a kafa mata turke a fili guda kullum, ta gwaguye ciyawar har ƙasa. Ita akuya jikinta bai iya yaƙi da wannan tsutsa kamar na tunkiya ba, tunda asalinta mai cin sama ce. In muka tilasta mata cin ƙasa, mu ne muka kai ta.

Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. A bari rana ta ɗaga raɓa ta bushe kafin a yanki ciyawa, kuma kada lauje ya bi ƙasa sosai. A shanya ta ta sha rana. A ɗaure ta da igiya a rataye, ko a zuba a komi mai tudu. A riƙa share turke, a tara kashin can gefe ya ruɓe ya zama taki. Mai kai dabba fili ya riƙa gusar da turke kafin kwana huɗu, kada kuma ya dawo wurin sai bayan wata guda ko fiye, don a zafin ƙasarmu 'yan tsutsar ba sa daɗewa a kan ciyawa in ba su samu mai haɗiye su ba.

Na zo kan abin da na fi so ku tafi da shi gida. Tun da jini tsutsar nan take sha, akwai wurin da jini yake nuna kansa ba sai an yanka dabba ba, shi ne cikin fatar ido ta ƙasa. A shekarun 1990 wani likitan dabbobi a Afirka ta Kudu, Dakta Faffa Malan, tare da abokan aikinsa Gareth Bath da Jan van Wyk na Jami'ar Piritoriya, suka fitar da wani ɗan kati da ake kira FAMACHA. Hoton idon tunkiya ne kala biyar. Na 1 ja wur, lafiyayyiya ke nan. Na 2 ja ne mai ɗan haske. Na 3 ya koɗe ya koma ruwan hoda. Na 4 ya kusa fari. Na 5 fari fat, wannan tana bakin mutuwa.

Ga yadda ake dubawa. Ka fito da dabbar waje cikin hasken rana, kada ka duba a cikin ɗaki ko da fitila. Ka sa ta tsakanin ƙafafunka ko wani ya riƙe maka. Da babban yatsa guda ka sauko da fatar ido ta sama ta rufe idon, ka ɗan danna a hankali. Da ɗaya babban yatsan ka ja fatar ƙasa. Za ka ga naman ciki ya bulluƙo. Shi za ka duba, nan take, don in ka daɗe kana murza idon zai yi ja ya yaudare ka. Ka duba ɗaya idon ma. In kana kokwanto tsakanin kala biyu, ka ɗauki wanda ya fi koɗewa. Duk aikin bai kai minti guda ba. Uwargida mai awaki shida za ta gama duba su kafin ruwan tuwo ya tafasa, kuma ko babu kati a hannu, wadda ta saba buɗe idon awakinta za ta gane ja daga fari.

Mai lamba 4 da 5 a ba ta magani yau, kada a kai gobe. Mai lamba 1 da 2 a ƙyale ta. Mai lamba 3 kuwa a duba halinta, in akuya ce, ko ƙarama, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko ramammiya, a ba ta. Da damina a riƙa dubawa duk mako biyu, da rani sau ɗaya a wata ya isa.

Na san tambayar da ke ranku. Me zai hana a ɗura wa duka garken a huta? Dalili na farko, tsutsar ba ta rabuwa daidai a cikin garke. Dabbobi kashi 20 zuwa 30 cikin 100 su ne suke ɗauke da mafi yawanta. A gwajin farko da su Dakta Malan suka yi, kusan kashi 70 cikin 100 na tumakin sun wuce lokacin tsutsa ba su buƙaci magani ko sau ɗaya ba. Kuɗin da aka kashe a kan irin waɗannan asara ce.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ya fi damuna. A cikin dubban tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da aka halicce su magani ba ya kashe su. In ka ɗura wa kowace dabba, duk wata, ka kashe masu rauni gaba ɗaya, su wa suka rage su hayayyafa? Masu taurin kan. Shekara kaɗan sai filin kiwonka ya cika da jikokinsu, ka ba da magani kamar ka ba da ruwa. In kuwa ka bar lafiyayyun dabbobi ba ka ba su ba, tsutsar da magani yake ci tana nan da yawa, tana gauraya da masu taurin kan, ta hana su mamaye wurin. Tarihi ya nuna mana wannan ƙarara. Maganin tiyabendazol ya fito a 1961, zuwa 1964 an ba da rahoton ya fara gazawa a Amurka. Ibamektin ya fito a 1981, kafin shekarun 1980 su ƙare tsutsar ta gagare shi a wasu gonakin Afirka ta Kudu. Wani sabo mai suna monefantel ya fito a ƙasar Niyu Zilan a 2009, zuwa 2013 an samu tsutsar da ta fi ƙarfinsa a can. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da ɗakunan bincike. Mu da muka dogara da iri uku ko huɗu, wato albendazol da lebamizol da ibamektin da kulosantel, in suka mutu a hannunmu, ina za mu nufa?

Kuma mun iya kashe magani. Ana sayen bolas guda a kasuwa, wanda ya yini a rana a kan tabarma, a ɓantara shi uku a raba wa awaki uku. Rabin magani ba ya kashe tsutsa, tankaɗe ta yake yi, ya bar masu ƙarfi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A cinikin rago haka ne, amma a awon magani ido yana yawan kuskure. A nemi sikelin rataye irin na masu sayen hatsi, a sa dabba a buhu a ɗaga ta. In dabbobin sa'o'in juna ne, a auna mafi nauyi a yi lissafi da ita. In na ruwa ne, a girgiza kwalbar, a kai bakin sirinji bayan harshe, a tabbatar ta haɗiye. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Jikin akuya yana saurin narkar da magani fiye da na tunkiya, don haka awonta ya fi yawa, amma wannan malamin dabbobi ne zai faɗa maka, musamman a lebamizol, wanda in ya yi yawa kaɗan yakan sa dabba dalala da karkarwa har ta mutu. Albendazol kuma kada a bai wa wadda ta ɗauki ciki a farko-farkonsa, yana iya lalata ɗan tayi. Masu turka ragon layya su karanta kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka, kada a ɗura wa rago magani ana jibi Sallah a ciyar da iyali da saura. Dabbar da aka sayo daga kara kuma kada a sake ta cikin garke ran nan, a ware ta, a ba ta magani, a share kashinta na kwana biyu ko uku.

In ka ba da magani yadda ya kamata, mako biyu suka wuce dabba ba ta farfaɗo ba, kada ka ƙara irinsa. Ka kai kashinta asibitin dabbobi a duba a madubin likita. Ko dai maganin ya daina ci, ko kuma ba wannan tsutsar ba ce. Tsutsar hanta, wadda dabba take ɗauka a fadama da bakin tafki inda ƙananan dodon koɗi suke, ita ma tana sa farin ido da kumburin haɓa, kuma ba kowane maganin tsutsa ne yake kashe ta ba. Kaska da ƙwarƙwata in sun yi yawa suna shan jini. Dabbar da ta je ƙasar ƙudan tsando tana iya dawowa da sammore. Yunwa ma kanta tana koɗar da ido.

Magani tsutsa kawai yake kashewa, ba ya mayar da jinin da ya tafi. Wannan aikin abinci ne. Dabbar da aka tsamo daga lamba 4 ko 5 a bar ta a gida a inuwa, kada a kora ta jeji da rana tsaka, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A ba ta harawar wake ko ta gyaɗa, da ƙowa, da dusa, da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, da 'ya'yan gawo, da ruwa mai kyau. Jini yakan ɗauki makonni kafin ya dawo. An kuma tabbatar cewa dabbar da take samun abinci mai gina jiki ta fi jure tsutsa tun daga farko, don haka harawar da ka adana wa masu ciki tana cikin rigakafi.

Game da na gargajiya, iyayenmu sun daɗe suna jiƙa sassaƙen maɗaci, suna ba da bagaruwa da kanwa. Ba na raina wannan. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu bauri suna rage wa tsutsa ƙarfi, kuma yana cikin amfanin barin akuya ta ci ganye. Amma dabbar da idonta ya yi fari ba ta da kwanakin jiran jiƙo. A ba ta na asibiti.

Akwai ribar duba ido da ba a ganinta sai an daɗe. In kana rubutawa, ko kana ɗaura ɗan ƙyalle a wuyan duk wadda ka bai wa magani, kafin damina ta fita za ka gane waɗanda kullum su ne. Juriya ga wannan tsutsa gado ce. Binciken Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ya nuna gajerun awakin kudu suna da ita sosai, haka ma jajayen tumakin Masai na ƙasar Kenya. A cikin namu ma, 'Yankasa ne ko Uda ko Balami ko jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wata ta fi wata. Tunkiyar da sai an ɗura mata sau uku ko huɗu a damina guda, a yi mata kiwo a sayar. Ragon ko bunsurun da za a bari ya yi barbara kuwa, a zaɓi wanda idonsa yake ja damina da rani ba tare da magani ba.

Ga hukumomi da malaman dabbobi, ina da roƙo. Muna da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ta Bom, muna da tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A samo katin FAMACHA a gwada shi a kan dabbobinmu, a koyar da shi da Hausa. Kuma a shiga da shi cikin gidaje ta hannun ma'aikata mata, domin mai akuyar tana ciki, ita ce take sayar da ita ta biya kuɗin asibiti ko ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, ita ce kuma ba a cika gayyatowa irin wannan taro ba. Masu shagon magani ku ji tsoron Allah, ku daina sayar da ɓarin bolas, ku tambayi nauyin dabba kafin ku miƙa magani.

Ku kuma 'yan'uwana masu kiwo, gobe da hantsi kowa ya fito da dabbobinsa waje, ya buɗe idon kowacce ya duba. Wadda ya ga nata ya yi fari, ya nemi malamin dabbobi kafin rana ta faɗi. Allah Ya sa albarka a dukiyarmu.